Gasar Ƙwallon Raga ta Duniya ta Samari 'Yan Ƙasa da Shekara 19: Tambayoyin Iyaye da Amsoshinsu

Na daɗe ina horar da yara maza wasan ƙwallon raga da yamma a nan Abuja, kuma yawancinsu daga Kubwa, Nyanya, Karu da Lugbe suke zuwa, wasu da kuɗin motar da suka tsimi daga na karin kumallo. A da, abin da uba yake tambayata a bakin fili bai wuce ko wasan zai hana ɗansa karatu ba. Tun da samarin Najeriya suka ɗauki kofin Afirka a wannan birni a 2021, sai tambayoyin suka koma kan gasar duniya da yadda yaro zai kai gare ta. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, tare da amsar da nake bayarwa.

Wace gasa ce wannan, kuma wa yake shirya ta?

Gasa ce ta tawagogin ƙasashe, ba ta kulob-kulob ba, wadda ake yi wa samarin da ba su cika shekara 19 ba. Hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, ita ce mai shirya ta. An kafa hukumar a birnin Paris a 1947, hedikwatarta kuma tana Lausanne ta ƙasar Switzerland. An fara gasar a Dubai a 1989, ana kuma yin ta sau ɗaya a kowace shekara biyu, a shekarun da ba sa rabuwa biyu, wato irin su 2021, 2023 da 2025. A 'yan shekarun nan tana faɗowa ne tsakanin ƙarshen Yuli da farkon Satumba, kuma ba ta cika wuce kwana goma zuwa sha ɗaya ba.

Tana da yaya da ƙanwa. Gasar 'yan ƙasa da shekara 21 ta girme ta, domin tun 1977 ake yin ta, ta 'yan ƙasa da shekara 17 kuwa sai a 2024 aka fara ta a Bulgeriya.

Waɗanne ƙasashe ne suka fi ɗaukar kofin?

Brazil ce kan gaba da kofi shida. Ita ta ɗauki huɗun farko a jere daga 1989 zuwa 1995, ta sake ɗauka a 2001 da 2003. Rasha tana da uku. Italiya, Iran, Sabiya, Poland da Faransa kowacce tana da bibbiyu, kuma Faransa ce ta ɗauki na 2023 a San Juan ta Ajantina da na 2025 a Tashkent ta Uzbekistan. Har yanzu babu ƙasar Afirka da ta ɗauki kofin, duk da cewa an yi gasar a nahiyar har sau uku: Alƙahira a 2001, Aljas a 2005 da Tunis a 2019.

Na kan ja hankalin yarana ga Iran, wadda ta ɗauka a 2007 da 2017. Ba ƙasar Turai ba ce, ba ta kuma gaji wasan daga kakanni ba, amma ta zuba ƙarfinta a kan ƙananan yara na tsawon shekaru har babbar tawagarta ta shiga sahun waɗanda ake shakka a duniya.

Najeriya ta taɓa zuwa wannan gasa?

Ta je. Samarinmu sun buga ta a Tunis a 2019, da Tehran a 2021, da San Juan a 2023. Kofin Afirka na wannan rukuni da suka ɗauka a ɗakin wasanni na filin wasa na ƙasa na Moshood Abiola a farkon 2021 shi ne ya ba su gurbin Tehran, sannan suka kare kambunsu a Maroko a 2022. Ina cikin 'yan kallo a wasannin Abuja, kuma abin da ya tsaya mini a rai ba ɗaga kofin ba ne. Wani dattijo ne da ke kusa da ni, wanda bai taɓa kallon wasan ba sai ranar, ya riƙa miƙewa tsaye duk lokacin da yaranmu suka tare ƙwallo a kan raga, hularsa a hannu. A gasar duniya kuwa ba mu kai ga lambar yabo ba tukuna, kuma na yi bayanin dalilan da nake gani a amsar da ke kusa da ƙarshe.

Ta yaya ƙasa take samun gurbi?

FIVB tana da hukumomin nahiyoyi biyar, ta Afirka ita ce CAVB, wadda Bouchra Hajij 'yar Maroko take shugabanta tun 2020. Kowace nahiya takan yi tata gasar, galibi a shekarar da ta gabaci ta duniya, ƙasashen da suka zo a sama su sami gurbi. Mai masaukin baƙi tana da nata gurbin kai tsaye. An daɗe ana yin gasar da ƙasashe 20, a 2025 aka faɗaɗa ta zuwa 24. Abin da wannan yake nufi ga iyaye shi ne yaron da ake so ya buga gasar duniya, shekara guda kafin ta ya kamata a ce ya riga ya shiga idon masu horar da tawagar ƙasa, domin waɗanda suka nemo gurbin su ne akan fara dubawa.

Ban san wasan ba. Me ya kamata in sani kafin in zauna kallo?

Filin yana da tsawon mita 18 da faɗin mita 9, raga ta raba shi biyu, tsayinta ga maza mita 2.43, kuma samarin wannan gasa da wannan tsayi na manya suke wasa, ba a rage musu ko ɗan yatsa. Kowane ɓangare mutum shida ne, uku gaba uku baya. Ba a riƙe ƙwallo, ba a barin ta ta taɓa ƙasa, kuma ɓangare ɗaya ba ya taɓa ta fiye da sau uku kafin ya tsallakar da ita. Shi ya sa za ku ga tsarin kusan kullum ɗaya ne: wani ya karɓa, wani ya ɗaga, na uku ya yi tsalle ya maka. Taɓawar da aka yi wajen tarewa a kan raga ba ta cikin lissafin ukun.

Ana yin wasan ne turmi-turmi, kamar yadda ake yi a dambe. Wanda ya riga kaiwa maki 25 da ratar aƙalla maki biyu shi ya ci turmi, wanda ya ci turmi uku shi ya ci wasa. Idan aka yi biyu da biyu, turmi na biyar a maki 15 yake tsayawa, shi ma da ratar biyu. Duk lokacin da ƙwallo ta mutu, ɓangare ɗaya ya sami maki, ko shi ya yi sabis, wato bugun fara wasa daga bayan fili, ko ba shi ba. Idan kuma ɓangaren da ke karɓa ya ci makin, 'yan wasansa sukan zagaya wuri ɗaya, bin hannun agogo, wanda ya koma kusurwar dama ta baya ya yi sabis cikin daƙiƙa takwas da busar alƙalin wasa.

Ɗana gajere ne. Akwai amfanin ya ci gaba?

Akwai, in dai yana da ido da saurin ƙafa. Idan kuka kalli wasa za ku ga mutum ɗaya a kowace tawaga wanda launin rigarsa ya bambanta da na sauran. Shi ne libero, matsayin da aka shigo da shi a 1998. Aikinsa karɓar sabis da kwaso ƙwallon da aka maka, a layin baya kawai yake wasa, ba ya tarewa a raga, kuma a dokar FIVB ba ya yin sabis. Sau da yawa shi ne mafi gajarta a fili. Mai ɗaga ƙwallo ma, wanda shi ne ƙwaƙwalwar tawaga, an fi duba hannunsa da kaifin tunaninsa fiye da tsayinsa.

Amma ba zan ɓoye muku ba, gurbin libero ɗaya ne ko biyu a cikin mutum 12 da ake tafiya da su, saboda haka gogayya a kansa ta fi tsanani. Kada kuma a yanke wa yaro hukunci yana shekara 13. Na ga waɗanda suka miƙe a cikin hutun makaranta guda har wandonsu ya koma tsakiyar ƙwauri.

Yaya ake lissafin shekarun da suka cancanta?

Da shekarar haihuwa ake yi, ba da ranar da aka fara gasa ba. Kafin kowace gasa FIVB takan bayyana shekarar da ta zama iyaka, duk wanda aka haifa a ranar 1 ga Janairu ta wannan shekara ko bayanta ya cancanta. A gasar 2023 iyakar ita ce 2005, a ta 2025 kuma 2007. Idan aka ci gaba da wannan lissafi, ta 2027 za ta kasance ta waɗanda aka haifa a 2009 ko bayan haka. Yaron da aka haifa a ranar 31 ga Disamba ta shekarar da ta gabaci iyakar ya fita, ko da kuwa kwana ɗaya ne tsakaninsa da abokinsa da ya shiga.

Fasfo shi ne shaidar da ake dubawa kafin a fara gasa, kuma fasfo ba shi kaɗai yake tsaye ba. Yana jingine da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, ita kuma ya kamata ta dace da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da abin da ke rubuce a makaranta. Shawarata ga kowane uba ita ce yau ɗin nan ya fito da waɗannan takardu ya shimfiɗa su a tabarma ɗaya, ya duba rana da wata da shekara da yadda aka rubuta suna a kowacce. Gyaran kuskure yana ɗaukar lokaci, kiran sansani kuwa ba ya jira.

An ce in rage wa ɗana shekara biyu don ya samu shiga. Ai kowa yana yi, ko ba haka ba?

Kada ku yi, ko wa ya ba ku shawarar. Na taɓa samun yaro wanda a duk tsawon aikina ban ga mai tsalle irinsa ba, idan ya tashi sai ka ga ƙirjinsa ya kusa saman raga. Wani kawunsa ne ya canza masa shekarar haihuwa a wata takarda tun yana ƙaramar sakandare, da niyyar taimako. Ranar da ake tantance takardu aka ajiye biyu a gabansa, ɗaya ta ce kaza, ɗaya ta ce kaza. Babu wanda ya yi masa faɗa. An dai ce ya jira a waje, ya zauna a kan jakarsa a bakin ƙofa yana jin ƙarar ƙwallo daga ciki har magariba. Abin takaicin shi ne da shekarunsa na gaskiya ma ya cancanta. Mahaifinsa ya same ni bayan kwana biyu yana cewa, “Malam, wallahi ban san an taɓa takardar ba,” kuma na yarda da shi, amma hakan bai dawo da damar ba.

Ko da ƙaryar ta wuce ba a gano ba, cutarwa ce ga wasan. Saurayi ɗan shekara 21 da aka saka cikin 'yan 17 zai yi fice da ƙarfin jiki kawai, ba zai ga dalilin gyara kurakuransa ba, masu horarwa su ma za su ɗauka ya iya. Idan ya haɗu da sa'o'insa na gaskiya sai ya tsaya cik, alhali ya riga ya tare wa wani yaro na gari hanya. Wanda shekarunsa suka wuce wannan gasa bai rasa komai ba, domin ta 'yan ƙasa da 21 da na ambata a amsar farko tana nan, babbar tawaga ma tana nan.

Ta wace hanya masu zaɓe suke ganin yaro?

Babu takardar neman shiga da ake cikewa. Hukumar ƙwallon raga ta Najeriya ce take gayyatar yara sansani, kuma masu horarwarta a filin wasa suke ganinsu: wasannin makarantu, gasar matasa ta ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 15 wadda aka yi shekaru ana yi a Ilorin kafin ta koma Asaba, gasannin rukunin shekaru, da kuma wasannin lig inda ƙungiyoyi irin su Kano Pillars, Offa, Kwastam da Sibil Difens suke fafatawa. Matakin farko ga yaron Abuja shi ne ya sami koci mai zuwa fili kullum, ya shiga tawagar makarantarsa, daga nan ya nemi wakiltar Babban Birnin Tarayya. A sansani akan tara yara da yawa fiye da waɗanda za a tafi da su, a riƙa ragewa. Wanda aka sallama a zagayen farko ya dawo fili washegari, domin sau da yawa sunansa ya riga ya shiga littafi.

Akwai kuɗin da iyaye za su biya?

Gurbi a tawagar ƙasa ba na sayarwa ba ne. Duk wanda ya kira ku a waya ya ce ku turo kuɗi don a saka sunan ɗanku, ko don a nema masa biza ta bayan fage, ku kashe wayar ku tuntuɓi kocin yaron ido da ido. Abin da ke wuyan iyaye a shekarun koyo shi ne takalmi mai kama ƙasa, abin kare gwiwa, kuɗin mota da abinci. Fasfo ma gara a yi shi tun da wuri, bayan an yi duban takardun da na bayyana a amsar lissafin shekaru, tare da katin rigakafin shawara, wanda ƙasashe da yawa suke nema daga matafiyin da ya fito daga Najeriya.

Karatunsa fa? Shekarun nan ne na jarrabawar fita sakandare.

Wannan damuwa ce ta gaskiya, domin ɗan shekara 16 zuwa 18 shi ne yake aji biyar ko shida. Jarrabawar WAEC takan kama watannin Mayu da Yuni, ta NECO ta biyo baya a Yuni da Yuli, wato daidai lokacin da ake shirin gasar da za a yi a ƙarshen Yuli ko Agusta. Matsayina a nan bai taɓa canzawa ba: ba a barin jarrabawa saboda sansani. Uba ya kai wa koci jadawalin jarrabawar da hannunsa tun da wuri, a san ranakun da yaro ba zai samu zuwa ba. A filina, wanda ya faɗi darasi biyu a zango yakan zauna a benci da littafinsa har sai sakamako ya gyaru, kuma ban taɓa ganin wannan doka ta rage wa wani ƙwarewa ba. Ƙwallon raga a ƙasarmu ba ta riga ta zama sana'ar da za ta riƙe mutum ita kaɗai har tsufa ba, kuma ƙungiyoyin hukumomin gwamnati da ke ɗaukar 'yan wasa aiki su ma takardar makaranta suke tambaya.

Yaya batun sallah da abinci idan an fita waje?

Tawagarmu takan haɗa Musulmi da Kirista, kuma kowa yana ibadarsa. Yaro ya tafi da ƙaramar darduma, ya kuma je wurin malaminsa kafin tafiya ya koyi hukuncin sallar matafiyi, domin jadawalin wasa ba ya la'akari da lokacin azahar ko la'asar. A ƙasashe irin su Tunisiya, Iran da Uzbekistan batun nama ba matsala ba ne. A wurare irin su Ajantina, shugabannin tawaga su sanar da masauki tun kafin isowa, shi kuma yaro ya tsaya ga kifi, ƙwai, shinkafa da taliya idan yana shakka. A 'yan shekarun nan watan azumi yana faɗowa ne a farkon shekara, don haka atisaye yake shafa ba gasar ba, mukan mayar da shi bayan sallar asham ko mu sassauta shi.

Wane rauni ne ya fi yawa, kuma wane magani ne bai kamata ya sha ba?

Gurɗewar idon sawu ita ce ta fi yawa, musamman idan mai tsalle ya sauka a kan ƙafar wani a ƙarƙashin raga. Sai ciwon gaban gwiwa da yawan tsalle a kan siminti yake kawowa, sai kafaɗa da yatsu. Idan yaro ya fara ɗingishi yana cewa ba komai, ku kai shi a duba, domin tsoron rasa gurbi yana sa su ɓoye ciwo.

Ana iya yi wa kowane ɗan wasa gwajin ƙwayoyi a gasar duniya, ƙarancin shekaru ba ya hanawa, kuma dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ita ce ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa. Tramadol yana cikin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa tun 2024. Haɗe-haɗen ƙarin kuzari da ake sayarwa a tasha ko a kemis, waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba, yaro ya nisance su gaba ɗaya. Mai asma ko wata lalura da ke buƙatar magani kullum ya faɗa wa likitan tawaga tun ranar farko a sansani.

Me ya sa muke cin Afirka, amma idan aka je duniya sai abu ya yi wuya?

Ba tsayi ba ne, ba kuma ƙarfi ba. A tsalle da duka yaranmu ba sa jin kunya a gaban kowa. Inda nake ganin muna zubar da maki shi ne karɓar sabis. Yaron Faransa ko Poland ya taso a ɗaki rufaffe mai daɓe mai laushi, ya saba da sabis iri biyu tun yana ƙarami: mai ƙarfi da ake yi da tsalle, da kuma wanda ƙwallo take tahowa ba ta juyawa, tana lilo, sai ta kusa hannu ta kauce. Namu ya taso a fili buɗaɗɗe a kan siminti, iskar hunturu tana kaɗa ƙwallo, kuma jikinsa ya koya masa cewa faɗuwa ƙasa tana nufin fatar gwiwa. Ranar da ya shiga ɗakin da dokar FIVB ta ce sararin samansa ya kai aƙalla mita 12.5, fitilu a ko'ina, sai ya rasa ma'aunin nisan ƙwallo. Idan karɓa ta lalace, mai ɗagawa ba shi da zaɓi sai ya jefa ƙwallo sama gefe guda, masu tarewa biyu ko uku kuma sun riga sun isa can suna jira.

Na biyu shi ne yawan wasa. Ƙasashen Turai suna da lig na matasa da ke gudana watanni, namu kuwa sukan haɗu ne makonni kaɗan kafin tafiya. Tsarin gasar kansa yana hukunta rashin juriya, domin a wasannin rukuni wanda ya ci 3-0 ko 3-1 yana samun maki uku, idan aka kai turmi na biyar kuwa mai nasara ya sami biyu, wanda aka ci ya tsira da ɗaya. Wannan maki ɗaya yakan raba ƙasashen da suka yi kunnen doki a yawan nasara. Abin da ke hannunmu mu masu horarwa shi ne mu rage lokacin da muke ba duka, wanda yara suka fi so, mu ƙara wa karɓa, mu kuma nemi ko da rana ɗaya a mako a ɗaki rufaffe.

Idan ya buga gasar ya dawo, sai me?

Wasu sukan haura tawagar 'yan ƙasa da 21, wasu ƙungiyoyin lig su ɗauke su, kaɗan kuma su sami tayi daga waje, domin masu neman 'yan wasa suna bibiyar gasar. Idan tayin waje ya zo, ku sani cewa ɗan wasa ba ya komawa kulob na wata ƙasa sai da takardar sauyin sheƙa ta FIVB, wadda hukumar ƙasarsa take amincewa da ita. Duk dillalin da ya ce a ba shi fasfon yaro ya riƙe, ko ya ce a tafi da bizar yawon buɗe ido a gyara takardu daga baya, kada a bi shi. A kai kwantiragin wurin lauya ya karanta, a san kulob ɗin da garin da yake, a san wanda zai biya masauki da asibiti idan rauni ya samu, sannan uba ko waliyyi ya sa hannu idan yaron bai cika 18 ba.